Wanda Ake Tunawa Da Shi Ana Gobe Taro

Wata biyu muka shafe muna zama kan bikin karatun waƙa da ƙungiyarmu ta marubuta ta shirya. Wa zai yi jawabin buɗewa, wa za a ba kujerar gaba, ko lasifika ɗaya zai wadatar, duk an tattauna har an gaji. Sai ana gobe taro, da daddare, wani ya ce, “Af, fasta fa?” Shugaba ya ɗauki waya ya kira wani yaro da kan leƙo zamanmu jefi-jefi, wanda aka san yana taɓa kwamfuta. Ina zaune na ji abin da ya ce masa: “Ƙanena, ɗan haɗa mana wani abu mai kyau kafin safe. Ai ba wani aiki ba ne, minti goma ka gama.” Daga can yaron ya amsa, “To, ranka ya daɗe, a turo bayanan.” Aka tura masa hotunan mutum goma sha ɗaya ta WhatsApp, kowa da jerin muƙamansa, da tambarin ƙungiyoyi huɗu, da gargaɗin kada hoton wane ya fi na wane girma.

Da asuba fastar ta iso. Fuskoki sha ɗaya sun cika ta maƙil kamar hoton 'yan aji, kwanan wata ya maƙale can ƙasa, sai ka ja hoton da yatsa biyu kafin ka gan shi. Ko baiti ɗaya na waƙa babu a jikinta, babu abin da zai nuna wa mai wucewa cewa taron mawaƙa ne ba na 'yan siyasa ba. A sama kuma, inda aka so a rubuta “Manyan Baƙi”, lanƙwasar harafin ta ɓace, muka wayi gari da “Manyan Baki”. Wasu daga cikinsu dai, in za a faɗi gaskiya, sunan bai yi musu ƙarya ba. Mu da muka shirya taron mu ne rabin mahalarta. Da aka zauna bitar abin da ya faru, laifi ya faɗa kan yaron, wanda ko sisi ba a ba shi ba, kuma zaman bitar ma ba a gayyace shi ba.

Ina cikin waɗanda suka yi shiru ranar, shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Ra'ayina yanzu shi ne, duk wata ƙungiyar masu fasaha, ta marubuta ce ko ta mawaƙa ko ta 'yan wasan kwaikwayo ko ta masu ɗaukar hoto, da ta ɗauki mai tsara zane a matsayin ɗan aike, to kanta ta cuta. Mai zane ɗan ƙungiya ne, kuma kujerarsa tana nan tun ranar da aka fara tunanin aikin, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum yana ganin fasta kafin ya ji waƙa, yana ganin bango kafin ya buɗe shafin farko. Mafi yawan mutanen da aikinka zai gilma ta gabansu, iyakarsu da kai ke nan: sun gani, sun wuce. A wurinsu fastar nan ita ce ƙungiyar taku ɗungurungum, ita ce shimfiɗar fuskar da kuka yi musu ko kuka kasa yi.

Abin da kan ba ni mamaki, sana'ar da ake yi wa wannan riƙon sakainar kashi daga cikin masu fasahar ta fito. Alois Senefelder marubucin wasan kwaikwayo ne a Jamus, ba shi da kuɗin da zai kai wasanninsa maɗaba'a. Neman hanya mai sauƙi ne ya kai shi, a 1796, ga gano ɗab'i da dutse: a yi zane da abu mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a jiƙa dutsen, sai tawada ta kama inda maiƙo yake ta guje wa inda ruwa yake, tunda ruwa da mai ba sa shiri. Wannan dabarar ce, bayan an ƙara mata launi, ta cika bangayen birnin Paris da fastocin gidajen wasa a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a kan tushenta manyan injinan ɗab'i ke aiki har yau.

Idan ana neman shaidar abin da kan faru in an jawo mai zane ciki, sai a dubi Lemi Ghariokwu. Bai kai shekara ashirin ba ya zana wa mawaƙi Fela Kuti bangon faifai na farko a 1974, kuma jimillar waɗanda ya zana masa sun kai 26. Shi ya koya wa kansa zane. Abin da ya bambanta aikinsa shi ne yana cikin mutanen Fela, yana jin waƙoƙin tun suna tasowa, yana jin gardamar da ta haife su, sannan an sakar masa mara ya faɗi nasa da alƙalami. Bangayen nan su ma cike suke maƙil, ga fuskoki, ga rubutu, ga zanen barkwanci, har sun fi fastarmu cunkoso. Amma kowace fuska da dalilin zuwanta. Wanda bai taɓa jin faifan ba, in ya tsaya ya karanta bangon, ya san da wa ake faɗa kuma a kan me. Namu cunkoson kuwa na tsoron kada wani babba ya yi fushi ne.

A birnin Manchesta na Ingila ma an yi irin wannan a 1978, lokacin da Tony Wilson da abokansa suka kafa kamfanin faifai na Factory. Suna ba duk abin da suka fitar lamba, kuma lamba ta ɗaya fasta ce ta same ta, ba faifai ba: wata rawayar fasta da Peter Saville ya tsara, wadda ta ari siffar allon gargaɗin da ake kafawa a masana'antu. Saville ɗin, wanda a lokacin ya fito daga makarantar koyon zane ke nan, abokin tarayya aka ɗauke shi a kamfanin. Mawaƙa da yawa sun bi ta Factory, sautinsu ya sha bamban, amma da ka hango bangon faifansu ka san 'yan gida ɗaya ne. Wannan kama da junan ita ta sa mutanen waje suka fara kallonsu a matsayin wani yunƙuri guda, su ma suka fara kallon kansu haka. A 2004 hukumar birnin ta ɗauki Saville ya riƙa ba ta shawara kan yadda za a nuna fuskar birnin gaba ɗaya.

To wai me mai zanen yake yi da har ya cancanci kujera? Ban gane ba sai da na zauna kusa da wata mai wannan sana'a tana tsara bangon wani ɗan littafi da na tattara. Na zo da hotuna uku da nake so a sa, da launin da nake so. Ba ta ko buɗe kwamfuta ba, sai tambaya: “Malam, wa kake so ya ɗauki littafin nan? In mutum ya hango shi daga nesa, me kake so idonsa ya fara sauka a kai?” Na yi ta kame-kame, don ni kaina ban taɓa tambayar kaina ba. Da ta fara aiki, sai na ga sharewa ta fi yawa. Ta cire hotuna biyu. Ta ƙara girman sunan littafin, ta rage nawa, abin da bai yi min daɗi ba a lokacin. Ta ɗauki kusan minti ashirin tana matsar da haruffa biyu da suka yi wa juna nisa a tsakiyar kalma, tazarar da ni ban gani ba sai da ta gyara na ga bambancin. Daga nan ta ƙanƙantar da bangon ya koma kamar kan sarki, ta ce, “Haka yawancin mutane za su gan shi a waya. In bai karantu a haka ba, ba mu yi komai ba.”

Ita ce kuma ta hana ni wani shuɗi mai walƙiya da na nace a kai. Allon waya da na kwamfuta da haske suke haɗa launi, ja da kore da shuɗi, ita kuwa maɗaba'a da tawada huɗu take aiki, kuma akwai launukan da haske ke iya fitarwa tawada ba ta iyawa. Shuɗin da ke ƙyalli a waya sai ya fito a takarda ya dushe, ko ya karkata zuwa shunayya. Ta bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yankan takarda ba ta faɗawa daidai kan layi kullum. Ta ƙi karɓar hoton da ya bi ta hannun mutum biyar a WhatsApp, domin manhajar tana matse hoto, kuma ɗab'i mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Duk wannan yana cikin abin da shugabanmu ya kira aikin minti goma.

Maganar “Manyan Baki” kuwa ta wuce abin dariya. Yawancin samfuran haruffa masu ƙayatarwa da ake saukewa daga intanet, masu Turanci aka yi wa su. Da ka rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ko dai wani akwati ya fito a gurbin harafin, ko kwamfuta ta aro shi daga wani samfurin daban ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Mai zanen da ke sauri sai ya cire lanƙwasar ya huta, ƙasa ta koma kasa. Haka Yarbanci ke fama da ɗigon ƙasan haruffansa, haka harshen Biyetnam ke fama da alamomin samansa. Alhali akwai haruffa na kyauta da suka ɗauki waɗannan duka, irin su Noto na Google da Charis da Andika, sai dai wanda ya damu ne kawai zai nema. Rubutun Adlam da wasu 'yan'uwa biyu, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suka ƙirƙira wa Fulatanci a ƙasar Gini a ƙarshen shekarun 1980, sai a 2016 ya shiga Unicode, tsarin da kwamfuta da waya ke gane haruffa da shi, kuma ko bayan nan sai da masu zana haruffa suka zauna suka sassaƙa kowane harafi kafin ya fito da kyau a allo. Marubuci yana iya kishin harshensa iya son ransa, amma a bainar jama'a, a kan allo da bango da riga, hannun mai zane ne ke yanke hukuncin yadda harshen zai bayyana.

Na san abin da za a ce min. Zamani ya sauya. Tun da manhajar tsara zane ta Canva ta fito a 2013 kowa ya zama dizaina, ga kuma ƙirƙirarriyar basira da za ka ba ta umarni ta zana maka cikin daƙiƙa. Ƙungiyar da kuɗin hayar zaure ma da ƙyar take haɗawa, don me za ta nemi wani? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na cikin masu kukan an ɓata sana'a. Irin kukan nan an yi shi a 1985 da manhajar tsara shafukan ɗab'i ta PageMaker ta fito, masu jera haruffa a maɗaba'a suka ga aikinsu ya koma kan tebur ɗin kowa, amma ƙananan mujallu da yawa da ba za su taɓa fitowa ba suka fito. Sanarwar zaman mako-mako, a yi ta a waya, babu laifi. Kuma samfurin da aka riga aka tsara ya fi fastarmu ta wancan dare kyau nesa ba kusa ba.

Inda nake da ja shi ne, samfurin nan wani ne ya tsara shi don ya dace da kowa, saboda haka bai san kowa ba. Ku duba shafukan sada zumunta ku gani: bikin waƙa, taron addu'a, tallan takalma, sanarwar rasuwa, duk da launi ɗaya, da haruffa ɗaya, da da'irar nan da ake saka fuska a ciki. Ƙungiyar masu fasaha kuwa ba ta da wata haja da ta wuce cewa ita daban ce. In fuskarta ta zama irin ta kowa, me ya rage mata? Araha ba ta ado. Manhaja ba ta zauna a zaman gwaji ba, ba ta ji baitin da ya sa ɗaki ya yi tsit ba, ba ta san cewa wannan baitin ne ya kamata ya hau fasta a madadin fuskoki sha ɗaya ba. Yaron nan namu da an kira shi tun farko, da ya sani.

Su ma masu zanen ba na wanke su tas. Akwai wanda da ya koyi sabuwar dabara sai ya zuba ta a kowane aiki, inuwa a bayan kowane harafi, walƙiya a kowace kusurwa. Akwai mai kwafo aikin wani daga intanet ya canza suna kawai. Akwai wanda zai tsara bangon littafin da bai karanta ko shafi ɗaya ba, kuma in ka yi magana ya ce ba ka san aiki ba. Wanda yake son kujera a cikin masu fasaha, sai ya yi abin da masu fasaha ke yi: ya karanta, ya saurara, ya zo gwaji, ya kalli abin da ke kewaye da shi kafin ya kalli abin da ake yayi a wata nahiya. Saki Mafundikwa, mai zane ɗan Zimbabwe, ya bar aiki a New York ya koma Harare ya buɗe makarantar koyon zane a 1999, kuma babban abin da ya yi ta nanatawa ke nan, cewa mai zane ya fara duba rubuce-rubuce da alamomin da ya gada.

Sai maganar kuɗi da suna, wadda ita ce ake gudu. “Yi mana, ai talla ce gare ka,” haka ake cewa. Tallar da ba a rubuta sunan mai ita ba, wace irin talla ce? Gaskiya ne akwai manyan ayyukan da aka yi kyauta. Mai zane Milton Glaser bai karɓi komai ba a kan tambarin nan mai zuciya na “I ♥ NY” da ake tallata New York da shi, da ya fito a 1977, amma a lokacin ya riga ya yi suna, yana da abin hannunsa, kuma shi ya ga dama. A watan Mayun 1968, ɗaliban da suka mamaye makarantar zane ta Paris suka kafa ɗakin buga fastoci na Atelier Populaire sun buga ɗaruruwan fastoci ba tare da sa hannun kowa ba, sai dai su suka yanke wa kansu hakan, a zauren da kowa ke da bakin magana, kuma ba wanda ya fito a jikin fastar da muƙamansa. In kowa a ƙungiya sadaukarwa yake yi, to mai zane ma ya yi. Amma in an biya mai zaure, an biya mai lasifika, an biya mai buga ƙyallen sanarwa, sai wanda ya tsara abin da aka buga ne za a sallama da “Allah ya yi albarka”, wannan ba rashin kuɗi ba ne, raini ne. Ko babu ko kwabo, layi ɗaya a gefen fasta ko a bayan littafi mai ɗauke da sunansa ba ya cin komai.

Akwai kuma wani amfani da ba a ganinsa sai an daɗe. Taro yana tashi, wasan kwaikwayo yana ƙarewa da an kashe fitila, ƙungiyoyi suna watsewa. Abin da kan rage shi ne takarda. A ƙarshen shekarun 1970, wasu 'yan Afirka ta Kudu da suka yi gudun hijira daga mulkin wariyar launin fata suka kafa ƙungiyar Medu a Gaborone ta ƙasar Botswana. Akwai mawaƙa a cikinta, da marubuta, da 'yan wasan kwaikwayo, da masu ɗaukar hoto, da masu zane, kowa da sashensa. Ranar 14 ga Yunin 1985 sojojin Afirka ta Kudu suka tsallaka iyaka suka kashe mutum 12 a garin, ciki har da mai zanen ƙungiyar, Thami Mnyele, kuma daga nan Medu ba ta sake tashi ba. Wasannin da suka yi a dandali, sai wanda ya halarta ne zai ba da labari. Fastocin da suka riƙa bugawa da hannu ana satar shiga da su ƙasarsu kuwa suna nan, har babban gidan adana kayan fasaha na birnin Shikago ya baje kolinsu a 2019. Yawancin waɗanda suka san Medu a yau, ta fastocin suka san ta.

A Ghana ma, a shekarun 1980 da 1990, masu yawo da bidiyo gari-gari suna nuna fim kan sa masu zane su zana musu fasta da fenti a kan buhunan fulawa, wani lokaci mai zanen bai ma kalli fim ɗin ba, sai ya ƙara abin da ransa ya ba shi. Da ɗab'in kwamfuta ya yi sauƙi sana'ar ta ja baya. Buhunan da aka riƙa naɗewa ana jefawa a bayan mota, yau masu tara kayan fasaha a Turai da Amurka ne ke nemansu, kuma an san waɗanda suka zana da yawa daga ciki saboda sun sa hannu a ƙasan aikinsu.

Namu zamanin ya fi wancan haɗari ta wannan fuska, don yawancin fastocin yanzu ba sa taɓa takarda. Awa 24 suke yi a kan waya su ɓace. Da na zauna rubuta wannan, na nemi fastar bikinmu. Na tambayi mutum huɗu cikin waɗanda muka shirya taron, babu mai ita. Shugaba ya canza waya sau biyu tun lokacin. Daga ƙarshe na samo ta a wani tsohon zauren hira, ta bi hannu da yawa har fuskokin sun dushe, sai “Manyan Baki” ne ke karantuwa sarai. Na duba kusurwoyinta huɗu ko zan ga sunan yaron, domin ni kaina na manta shi. Babu.